Mushe Manzo da Kaset Mai Meni

Ana saura 'yan kwanaki damina ta faɗi a shekarar 1999, wani direban babbar mota ɗan Gure da ke zirga-zirga tsakanin Agadas da Libiya ya zo ganin iyalinsa. Kafin ma ya shiga gida sai da ya biya ta ƙofar Mushe Manzo, ya sauke wani kwali da aka naɗe da bargo aka ɗaɗɗaure da igiya, ya ce saƙon Ibram ne daga Sabha.

Ibram ƙanen Manzo ne, ciki ɗaya. Shekararsa bakwai can yana aikin gini, bai leƙo gida ko sau ɗaya ba. Da aka kwance kwalin sai ga kamarar bidiyo irin wadda ake saɓawa a kafaɗa, baƙa wuluk, nauyinta ya kai na ɗan akuya. Ta sha jiki, amma tana aiki. A gefenta akwai sababbin kaset biyu da 'yar takarda: "Yaya, ka ɗauko mini kowa na gida ya gaishe ni, in ga fuskokinku. Direban nan zai dawo bayan sati uku. Ka ba shi."

Manzo malamin lakwal ne, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe, shekara ashirin da biyu yana shan ƙurar alli. Son tsari ya zame masa kamar ciwo. Ko cefane zai rubuta, sai ya ja layi ya sa lamba ɗaya, biyu, uku. A kwana uku ya gane kan kamarar, duk da cewa littafinta da wani yare aka rubuta shi wanda ba Faransanci ba, ba Larabci ba. Ya gwada ta a kan kaji, ya gwada a kan bango, ya gwada a kan matarsa A'i tana tankaɗe har ta jefe shi da ludayi. Daga nan ya zauna zai rubuta jerin waɗanda za su yi gaisuwa. A lamba ɗaya alƙalaminsa ya tsaya cak.

Iyayensu sun rasu da daɗewa. Manya biyu suka rage a dangi: Goggo Yabawa, ƙanwar mahaifinsu, mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da Kawu Muhammadu, yayan mahaifiyarsu, tsohon dillalin raƙuma. Dukansu an ce a shekarar fara aka haife su, ba wanda ke da takarda. Goggo ta ce tana da haƙora huɗu a baki ranar da aka yanke wa Kawu cibiya. Kawu ya ce yana kiwon awaki ya jiyo guɗar sunanta. Shekara arba'in ana wannan musu. A dangin nan idan ana rabon goro, mai rabo hannu biyu yake miƙawa a lokaci ɗaya, ɗaya gabas ɗaya yamma, don kada a ce an fara da wani.

Manzo ya fara zuwa wajen Goggo. Ya same ta a tsakar gida tana matsar tunkuza.

"Goggo, Ibram ya aiko da na'urar ɗaukar hoto mai motsi. Yana so ki gaishe shi."

"Allah sarki, ɗan albarka. Ni kaɗai?"

"Da sauran mutanen gida."

"Har da wancan tsohon dillalin?"

"Har da Kawu."

Ta daina matsar, ta share hannu a zane. "To, idan ya kunna abin, fuskar wa zai fara gani?"

Manzo ya ce ana nan ana dubawa.

"Duba da kyau. Ni na yi wa yaron nan wanka ranar da ya zo duniya. Fuskata ya fara gani a lokacin, ban ga dalilin da za a canja yanzu ba."

Kawu kuwa ko bari bai yi Manzo ya gama gaisuwa ba, don labari ya riga shi isa. Yana kishingiɗe a gindin bishiyar bedi ya ce, "Ranar da aka haifi Ibram ubanku yana Bune bai dawo ba. Wa ya yi masa huɗuba a kunne? Muryata ya fara ji a duniya. In ka sa mai ƙuli-ƙuli a gabana, ka tsallake ni gaba ɗaya, ka ce masa na mutu."

Manzo ya koma gida. Kaset zare ne, yana da kai yana da wutsiya, dole wani ya zo a kai.

Ana nan sai wani taron malamai ya kai shi Damagaram. Da aka tashi ya zaga kasuwa neman batir, ya tarar da mutane sun yi dandazo a shagon wani Alhaji da ya dawo daga Dubai. Ya kutsa. Alhajin ya ɗaga wani ɗan faifai mai ƙyalli kamar madubi, faɗinsa bai wuce murfin gwangwanin madara ba, ya zura shi cikin wani siririn inji. Sai ga ƙananan hotuna shida sun jeru a fuskar tele, wato talabijin, kowanne da rubutu a ƙasansa: zaki, giwa, kada da sauransu.

"Wanne kuke so?" in ji Alhaji.

Aka ce kada. Ya danna telekomand, wato rimot, nan take kada ya buɗe baki. Aka ce giwa. Ya danna, ga giwa. Ba a jira an naɗe zare ba, ba a wuce ta kan zaki ba.

Manzo ya matso har yana taka ƙafar wani. "Alhaji, wannan jerin na farko, me ake kiransa?"

"Meni."

"Shi nake tambaya, mene ne?"

"Na ce maka meni! Sunansa ke nan. Faifan kuma DVD."

Duk tsawon hanyar komawa Gure, ƙafarsa ɗaya a kan buhun albasa, Manzo murmushi yake yi shi kaɗai. Ga abin da ba shi da kai ba shi da wutsiya. Ibram zai zaɓa da kansa can cikin ɗakinsa, in ya so laifin ya zauna a Libiya.

Ya kwashe duka ya faɗa wa A'i tana kwasar tuwo.

"Nawa ne?" ta tambaya.

"Ban tambaya ba."

"To, shi ya sa kake murmushi, Malam."

Washegari da safe ya nufi biro, wato ofishin wani proje da ke dasa itatuwa don tare rairayi. A iya saninsa nan ne kaɗai ake da ordinatar a garin, wato kwamfuta, kuma wadda ke zama a gabanta tsohuwar ɗalibarsa ce, Husseina, sakataren wajen. Tana ganinsa ta miƙe tsaye kamar har yanzu tana aji huɗu. Ya yi mata bayanin abin da ya gani.

"Na gane, Mushe. Lojisiyel kake bukata."

"Da mudu ake sayar da shi ko da kwalba?"

Ta danne dariya. "Hankali ne da ake zuba wa ordinatar don ta iya wani aiki. A faifai yake zuwa shi ma."

Ta ɗauko wani katalog mai kauri da ake aiko wa shugabansu daga Faransa, ta yi ta buɗawa har ta kai shafin. Iri uku ne. Manzo ya zaro littafinsa, ya ja layuka uku a tsaye, ya gyara zaman tabarau.

Na farko yana yin meni har tasa'in da tara, da kiɗa, da rubutu mai juyawa. Da Husseina ta mayar da kuɗinsa sefa, sai da Manzo ya cire tabarau ya goge. Ya isa a sayi gida da rijiya.

"Mu nawa ne a dangin gaba ɗaya?" ya ce. "Meni tasa'in da tara na mene ne? Almubazzaranci ne. Wuce."

Na biyu hotunan jerinsa motsi suke yi tun kafin a danna. Kuɗinsa ya sayi raƙuma uku masu tozo.

"In Goggo ta fara motsi tun ba a zaɓe ta ba, ai ta riga Kawu ke nan. Wannan fitina zai kawo. Wuce."

Na uku wajen dannawa shida kawai yake da su, kuma bayansa shuɗi ne, ba a canjawa. Kuɗinsa kamar albashin Manzo na wata huɗu.

Manzo ya daɗe yana kallon hoton kwalin. Ya tambaya ko shuɗin mai duhu ne ko mai haske. Ya ƙirga mutanen gida da yatsu, ya ga idan aka haɗa yara wuri guda shida ya isa har da rara. Ya ce shuɗi launi ne mai mutunci. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin na uku, ya rufe alƙalami.

"Wannan na zaɓa."

Husseina ta dube shi tana wasa da bakin gyalenta. "Mushe, a cikin me za ka zuba shi?"

"A cikin ordinatar taki mana."

"Wannan tsohuwa ce, wasiƙa kaɗai take bugawa, ita ma sai ta yi nishi. Sannan akwai allon da ke shigar da hoton kamara cikin ordinatar. Sannan akwai injin da ke ƙona hoton a kan faifai. Shi kuɗinsa ya kusa na motar proje, kuma ban ji an ce akwai shi ko a Yamai ba."

Manzo ya ajiye alƙalami.

"Kuma Mushe, shi Ibram yana da injin kallon faifan?"

Wannan tambaya ba ta taɓa zuwa masa ba. Ya dubi littafinsa, ya dubi layukan nan biyu da ya ja da kyau. Can ya ce, "Amma dai zaɓin da na yi daidai ne?"

"Daidai ne, Mushe."

"Nawa za ki ba ni?"

"Goma bisa goma."

Ya fita da wannan, don ba abin da ya samu sai shi.

Hanyarsa ta gida ta bi ta shagon Ɗan Kasuwa da ke bakin tasha. Ɗan Kasuwa iyayensa mutanen Kano ne, yana sayar da rediyo da batir da kaset, yana da tele da bidiyo biyu da ɗan gurup mai ba shi wuta. An san shi da abu ɗaya: tunda ya buɗe shago ba a taɓa jin ya ce babu ba. Ya ga fuskar Manzo ya ja masa benci, ya saurari labarin tun daga Dubai har biro.

"Meni? Mushe, ai da nan ka fara zuwa. Ina da shi."

Ya durƙusa ƙarƙashin kanta, ya yi ta ture kwalaye, ya fito da wani abu kamar ƙaramin keken rubutu mai wayoyi uku a baya. Ya hure ƙurar. Ya ce injin rubutu ne a kan bidiyo, daga wajen wani mai ɗaukar biki a Kano ya same shi. Ya jona shi da tele, ya buga suna, sai ga GURE ya fito fari tas a kan shuɗi.

Shuɗin nan ne ya kama Manzo. Amma ya daure ya tambaya, "Yana tsalle zuwa wajen wanda aka zaɓa?"

"Rubutun nasa ne, tsallen na mai kallo ne." Ɗan Kasuwa ya nuna masa lambobin da ke gudu a goshin bidiyo idan kaset yana tafiya. "Ka rubuta sunan kowa da lambarsa a farkon kaset. Ibram ya duba, ya danna gaba, ya tsaya a lambar da yake so. Abin da na Dubai ke yi ke nan, sai dai shi yana da gaggawa."

Kuɗin bai wuce na ramammiyar tunkiya ba. Manzo ya biya ba ciniki. Ya ja injin gabansa, ya ce bari ya gwada sunan Goggo. Ya buga harafi shida, uku suka fito: YBW. Ya sake. YBW. Ya danna A da babban yatsa har farcensa ya yi fari. Ko alama.

"Ɗan Kasuwa, A ba ta aiki."

"Harafi ɗaya cikin ashirin da shida, Mushe. Kai fa malami ne. Yaron da ya ci ashirin da biyar ai ba ka kayar da shi."

"Hausa za a rubuta! Ka taɓa ganin Hausa ba A? Sunana ma MNZO zai koma."

Ɗan Kasuwa ya leƙa allon ya yi nazari. "Sa O. Ai O ɗin A ce da ta ci ta ƙoshi. Mai hankali zai gane."

Kwana takwas suka rage direba ya tashi, don haka Manzo bai tsaya jayayya ba. Ya je ya gaya wa manyan biyu, kowa a gidansa, cewa an samo dabara daga Dubai, ba na farko ba na ƙarshe, Ibram ne zai zaɓa.

Goggo ta ci ado, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta jera kwalaben mai a bayanta don a san sana'a tana tafiya. Da Manzo ya ce ta fara, ta dubi idon kamarar ta ce, "Ibram, kana lafiya?" Sai ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo.

"Goggo, ci gaba."

"Ina jira ya amsa. Ka gani? Libiya ta lalata yaron nan."

Da aka fahimtar da ita, sai bakin ya buɗe. Ta faɗi waɗanda suka rasu cikin shekara bakwai, da waɗanda suka haihu, da waɗanda ya kamata su haihu ba su haihu ba. Ta faɗi yadda gwiwarta ke yi idan hadari ya haɗu. Ta ce an ce bargunan can suna da laushi, ita dai ji take yi ana faɗa.

Kawu ya naɗa rawani mai hawa uku, ya aro raƙumi a wajen wani tsohon abokin cinikinsa daga Alakos don ya tsaya a bayansa. Da aka kunna kamara sai ya ƙame kamar mai ɗaukar hoton katin shaida, ko ƙiftawa ba ya yi. Minti biyu cur. Raƙumin ya gaji, ya juya wa kamara baya, kuma haka ya tsaya har aka gama. Kawu bai sani ba, yana ta nuni da hannu ta kafaɗa yana cewa, "Ka ga wannan fuskar? Irin ta ba ta biyu a kasuwar Gure."

Aka ɗauki A'i da yara, aka ɗauki Manzo, aka ƙare da awakin gida. Sai Manzo ya zauna a shagon Ɗan Kasuwa yini guda suna haɗawa. Nan ya yi wata dabara da ya ji ya burge kansa. Tunda dole wani ya zo a kan zare, ya sa Goggo farko a kaset, ya sa Kawu farko a jerin suna. Kowa ya samu ɗaya. Ya ce wannan shi ne adalci.

Ran Juma'a bayan la'asar aka taru kallo a shagon. Aka ajiye wa manyan kujeru biyu masu tsawo ɗaya. 'Yan tasha da masu shayi suka cika ƙofa. Aka tayar da gurup, allo ya yi shuɗi, rubutu ya fito.

Da Goggo da Kawu ba mai karatun boko a cikinsu, da an yi shiru da an wuce lafiya. Amma Ɗan Kasuwa yana alfahari da injinsa. Ya miƙe ya karanta da murya irin ta mai shela:

"Lamba ɗaya, Kowu Muhommodu! Lamba biyu, Goggo Yobowo! Lamba uku, O'i do yoro! Lamba huɗu, Monzo! Lamba biyar, owoki!"

Ƙofar shagon ta fashe da dariya. Wani mai shayi ya shaƙe sai da aka bubbuga masa baya. A'i ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

"Wace ce Yobowo?" in ji Goggo.

"Ke ce, Goggo," Manzo ya ce a hankali. "Injin ne yake da ɗan ciwo."

"Ni ce Yobowo. Kuma ni ce lamba biyu."

Kawu ya gyara rawani, ya harɗe ƙafa. "Kowu ɗin ma ba laifi. Abin da Allah ya tsara, inji ma ya san shi."

Bai rufe baki ba shuɗin ya ɗauke, sai ga fuskar Goggo ta cika tele tana cewa, "Ibram, kana lafiya?"

Kawu ya zabura. "Ina lamba ɗaya?"

"Kawu, kana gaba, a lamba ɗari takwas da goma sha biyu. Dannawa ake yi a wuce..."

"A wuce ta kanta kafin a iso ni? Ɗari takwas? Ni?"

"A wuce ni?" Goggo ita ma ta miƙe. "Wato ka koya wa yaron yadda zai tsallake ni da gudu ina magana?"

Manzo ya zaro littafinsa yana bayanin cewa kowa ya samu ɗaya. Ba wanda ya dubi ɗayan da ya samu, kowa wanda ya rasa yake gani. Duka biyun suka yi fushi suka nufi ƙofa. To, babba ne ke fara fita, ƙofar shago kuwa ta mutum ɗaya ce. Suka isa tare, kafaɗa da kafaɗa, suka maƙale. Ba mai ja da baya. Sai da Ɗan Kasuwa ya zare sakatar ɗaya ɓangaren ya buɗe, sannan suka fita a tare, kowa ya kama gabansa.

Da safe Manzo ya zauna a gaban koko har ya yi sanyi. Kwana biyu suka rage. A'i ta zo ɗaukar kwano ta tsaya a kansa.

"Monzo, ba ka sha ba."

"A'i, ba lokacin wasa ba ne."

"Malam, kaset nawa Ibram ya aiko?"

"Biyu."

"Tsofaffi nawa gare ka?"

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Bakin bidiyo ɗaya ne," ta ce. "Wanda hannunsa ya ɗauka shi zai zura. Ba ga meninka nan ba?" Ta ɗauki kwanon ta tafi.

Manzo ya so ya ce abin ba tsari a cikinsa, ya duba ya rasa ta inda zai kama. Kafin azahar yana shagon Ɗan Kasuwa, an jona bidiyo biyu ana kwafa. Goggo ta samu kaset nata tare da A'i da yara. Kawu ya samu nasa tare da Manzo da awaki. Da Kawu ya ji cewa Goggo ta yi minti hamsin shi kuwa talatin, ya sa aka dawo da kamara ya ƙara ashirin da ɗaya, yawancinsu a kan yadda ake gane shekarun raƙumi ta haƙori. Wajen ɗaurewa ma sai da aka yi shawara, don in aka ɗora ɗaya a kan ɗaya akwai na sama. Aka tsayar da su gefe da gefe a cikin kwali, aka cusa tsumma a tsakani, manyan biyu suna kallo. Direba ya karɓa ya jefa kwalin bayan kujera ko dubawa bai yi ba.

Wata biyu suka wuce. Gero ya kai ƙugu, lakwal tana hutu, sai ga direban ya dawo da amsa. Ba takarda ba ce, kaset ne na rediyo. Manzo ya aika aka kira kowa. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida da hantsi, Goggo a dama, Kawu a hagu, rediyo a tsakiya. Kowa ya san abin da ake jira: sunan wa Ibram zai fara kira.

Aka danna. Aka ji tari, aka ji ƙarar kwanoni, sannan muryar Ibram ta fito, ta ƙara kauri. "Salamu alaikum. Yaya, saƙo ya iso. Mun kalla mu goma sha biyu a ɗaki, duk 'yan gida ne. Wallahi har kuka..."

Sai wata murya ta kutso. "Ibram, ba ni minti ɗaya, don Allah. Mushe, ni Ɗan Talata ne na Gamu, ka taimaka ka kai wannan wajen tsohuwata..." Ya gaida tsohuwarsa, da matarsa, da maƙwabta, ya tambayi labarin wata saniya. Yana gamawa wani daga Bune ya karɓa. Bayansa wani daga Alakos. Aka juya kaset. Mutum goma sha ɗaya suka yi magana, kowa da minti ɗayansa mai tsawo. Goggo ta yi gyangyaɗi ta farka. Kawu ya cinye goro biyu.

Zare ya kusa ƙarewa sannan Ibram ya dawo, yana haki kamar wanda ya ƙwato abu. "To, alhamdu lillahi. Yaya, kafin komai, ina gaida..."

Aka ji ɗan wani sauti daga maƙogwaro, rediyo ya ce ƙat.

Zare ya ƙare.

"Go ya ce," in ji Goggo. "Na ji da kunnena."

"Ka ya ce," in ji Kawu. "Kunnenki ya tsufa."

"Au, yau kuma ni ce tsohuwar?"

Aka mayar da zaren baya aka sake ji. Aka sake. Sau bakwai. Manzo ya kara kunne a jikin rediyon, ya ce shi a nasa jin kamar "ku" ne, watakila "ku duka" yaron zai ce. Duka biyun suka juyo kansa a tare, Goggo ta ce wanda bai iya rubuta A ba ba shi zai koya mata ji ba. Suka tashi a kan cewa za a sake saurara ran Juma'a idan an sa sabon batir.

Shi kuwa Manzo wani aikin ne ya hau kansa. Mutum goma sha ɗaya sun ba shi amana, kuma gidajensu a warwatse suke. Da yamma ya zauna ya saurari kaset ɗin daga farko, ya rubuta sunan kowa da ƙauyensa da sunan wanda za a nema. Ranar kasuwa ya rataya rediyo a wuya, ya saɓa kamara, ya hau bayan motar Gamu tsakanin buhunan gishiri. A'i ta miƙo masa ƙullin ƙuli-ƙulin da Goggo ta aiko da goro uku daga Kawu.

A Gamu ya sami tsohuwar Ɗan Talata tana tsinkar yakuwa a bayan gida. Ta saurari ɗanta sau uku, hannunta a kan rediyon. Da Manzo ya ɗaga kamara ya ce ta mayar da amsa, ta ce ya dakata tukuna, ta shiga ta kwanto saniyar.